Sunayen da Aka Rera a Ƙofar Gulbi

Tun kafin a san bindiga a ƙasar nan, lokacin da kowane birni ke dogara da kaurin ganuwarsa, akwai garuruwa biyu da gulbi ɗaya ya raba, Tukurwa da Zangarma. Ba mai iya tuna abin da ya fara haɗa su faɗa. In ka tambayi tsofaffi, wani ya ce maka mashigin gulbi ne, wani ya ce wata goɗiya ce aka sace. Kakanni dai sun yi, jikoki kuma ba su ga dalilin bari ba.

Wata bakwai ke nan Anaruwa, Sarkin Taushin Tukurwa, wato shugaban makaɗan fada, yana tsare a Zangarma. An kama shi ran yaƙin Fadamar Gauraka, da yake kuwa ba a kashe makaɗi a fagen fama, sai aka ba shi ɗaki bayan bargar sarki, da tabarma da tuwo sau biyu. Ba wanda ya taɓa ɗaga masa hannu, amma ya rame har ƙashin wuya ya fito. Kullum da hantsi sai ya hau tudun bayan barga ya fuskanci yamma. Ba ya ganin kome sai giginyu, amma ya san bayansu akwai gulbi, bayan gulbi akwai jar ganuwa, cikinta akwai wani gida mai durumi a ƙofa inda matarsa Tarana ke daka tana faɗa da kaji. Shekara ashirin da shida suna tare, 'yarsu ɗaya Marka ta yi aure nesa, su biyu suka rage suna gardama a kan gishirin miya. Gardamar nan yake bege, fiye da rawaninsa da dokinsa.

Akwai kuma wani nauyin da ya fi begen. A al'adar Tukurwa, wanda ya fita yaƙi bai mutu ba sai Sarkin Taushi ya tsaya a Ƙofar Gulbi ya rera sunansa da yadda ya faɗi. Kafin nan ba kuka, ba takaba, ba rabon gona, matarsa za ta ci gaba da zuba tuwonsa a akushi tana rufewa. Anaruwa kuwa yana ɗauke da sunayen dakaru ɗari uku da 'yan kai a ƙirjinsa, kullum yana bitar su don kada ko ɗaya ya zube.

Ran nan da safe dogarai suka zo suka tafi da shi fada. Ya tarar majalisa ta cika, Sarki Mayau na zaune bisa gado, Galadima a damansa, Ubandawaki a hagu. Ya faɗi ya yi gaisuwa, aka nuna masa gefe.

Sarki ya ce, "Yau kwana uku gauraka na sauka bisa soron nan suna kuka. Mai duba ya ce matattun fadama ne ba su sami masauki ba. Ga kuma manzon da muka aika Tukurwa ya dawo da goronmu ba a karɓa ba. Galadima, faɗa wa majalisa abin da ya jiyo."

Galadima, wani tsoho mai magana kamar yana tauna ta, ya ce, "Allah ya ja zamaninka. Kauran Tukurwa, Dandare, ya koma gida da mahaya dawaki, ya gaya wa sarkinsu cewa dakarun ƙasa suna nan da ransu, sun yi sansani a Dutsen Shamuwa suna jiran rani. Mutanen Tukurwa sun gaskata. Wanda yake zaton yana da dakaru ɗari uku a bayanmu, me zai sa ya karɓi goron sulhu?"

Ubandawaki ya zabura. "Zaki, a ba ni kwana goma in kai musu gaskiya a bakin mashi! Gulbi ya janye, dawaki sun huta."

"Su kuma ganuwarsu ta gaji?" in ji Galadima. "Wancan karon ma da muka ci nasara, gidaje nawa ne a garin nan aka rufe? Ni a ganina, Zaki, ga abin da zai yi mana aikin mashi zaune a gefe, yana cin tuwonmu ba ya ƙiba. A sake shi ya tafi ya yi waƙarsa."

Sarki ya dubi Anaruwa. "Makaɗi, an ce ka shirya musu waƙa. Mu ji bakinta."

Anaruwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba ni da taushi. Ran da Kaura ya haye da dawaki ya sa aka farfasa gorunan fito da ake haye gulbi da su don kada a bi shi, mu aka bari cikin laka, gulbi a baya, kibanku a gaba. Da ƙura ta lafa na yanke fatar taushina, da kwaryarsa na riƙa ɗibar ruwa ina kai wa masu rauni har kwana uku. Sai dai in yi da baki."

Aka ce ya yi. Ya runtse ido, ya ɗauko a hankali:

Nomau na Unguwar Majema,
Kibiya ta same shi ƙasan cibiya,
Kwana biyu yana riƙe da cikinsa.
Bai kira sarki ba, bai kira Kaura ba,
Inna yake kira, Inna zo ki ɗauke ni.

Ubandawaki ne ya fara gyara zama, ya ce, "Wannan waƙa ce ko kukan mata? Namu makaɗan in jarumi ya faɗi cewa suke ya faɗi yana dariya, takobi a hannu. Da irin wannan wa zai sake ɗaukar garkuwa?"

"Ranka ya daɗe," in ji Anaruwa, "ni ma na yi irin waccan, shekara talatin ina yi. Da ita na kai su fadama. Amma ban ga wanda ya mutu yana dariya ba, kuma uwarsa ba za ta gane ɗanta a waccan waƙar ba. A wannan za ta gane shi."

Sarki ya ce, "Ka san don amfaninmu muke sakin ka."

"Na sani, Zaki. Ko don amfanin wa ne, gida nake so."

Aka ba shi riga da guzuri, aka raka shi bakin gari. Kwana biyu yana tafiya a ƙasa, tsoho ɗan shekara hamsin da biyar yana sauri kamar mai gudun ruwan sama. A hanya ya shirya abin da zai ce wa Tarana ya fi sau ashirin, kowanne ya ga bai yi ba. Ya san dai abin da ita za ta fara cewa, wai ya dubi yadda ya bar ƙafafunsa suka faffashe. Yana tuna haka sai ya kama dariya shi kaɗai, dariyar ta ƙare da hawaye.

Da hantsin rana ta uku ya iso Ƙofar Gulbi. Sarkin Ƙofa Bizo, abokinsa tun na kaciya, yana zaune a inuwa yana gyara ƙotar mashi.

"Bizo! Kai mai ƙaton ciki, ba ka mutu ba?"

Bizo ya ɗago, launin fuskarsa ya sauya, ya yi maza ya mayar da idonsa kan mashi. Masu shiga da itace suka ja da baya, wata mai tallar nono ta juya ta koma ciki da gudu. Anaruwa ya matso zai shiga, sai 'yan ƙofa biyu suka gitta sanduna, su ma idonsu a ƙasa.

Bizo ya tashi ya fuskanci bango, ya dafa shi, ya ce, "Kai bangon nan, da kai nake magana, ba da kowa ba. Wata shida da suka wuce Kaura ya kawo sunayen mutum tara ya ce su kaɗai suka faɗi, na farko Anaruwa. Aka naɗa Kosau, ɗan amshinsa, Sarkin Taushi, ya tsaya nan inda nake ya rera shi. Wai ya faɗi yana kiɗa, yana kiran sunan sarki. Matarsa ta yi takaba ta fita. Ka kuwa sani, ya kai bango, wanda aka rera ba ya shiga ƙofar nan, ba a kallonsa, ba a amsa masa. Wanda ya amsa, an lissafa shi tare da shi."

Anaruwa ya san wannan sarai, ai shi ne mai tsaron al'adar. Tun da aka kafa Tukurwa ba a taɓa warware sunan da aka rera ba, ba a ma tanadi hanyar yin hakan ba, don ba wanda ya taɓa tunanin makaɗin fada zai rera abin da idonsa bai gani ba. Ya zauna a ƙasa. Daga nan yana hango kan durumin ƙofar gidansa, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. A Zangarma ma bai ji gida ya yi masa nisa haka ba.

Ya jima a zaune. Can sai wani tunani ya zo masa, har ya ɗan murmusa. Dandare ya yi dabara, amma ya manta abu ɗaya. Wanda ba a kallo ba a kama shi, ba kuma a ce masa ya yi shiru. Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ja baya inda muryarsa za ta haura ganuwa, ya ɗaga:

Tunau maƙerin Ƙofar Arewa,
Laka ta riƙe shi har gwiwa,
Mashi ya zo bai iya kaucewa ba.
Ya ce a gaya wa Hakama,
Irin gero na tulun bayan ɗaki,
Ko yunwa ta yi kada a ci shi.

Muryar da aka saba ji shekara talatin ba ta ɓace wa mutane. Kafin ya kai suna na goma, kan ganuwa ya cika da mata, wasu da taɓarya a hannu, wasu da goyo. Ba mai kallonsa kai tsaye, kowa ya kafa ido a kan gulbi, amma kunnuwa suna wurinsa. Ba kuma mai kuka, don ba a halatta ba. Wata ta cusa bakin zanenta a baki tana cizo.

Cindo da Gajere, ciki ɗaya,
Garkuwa ɗaya suka rufa da ita,
Ƙuda ya sauka babu mai kora.
Ƙaramin ya riga, babban bai sani ba,
Yana ta ba shi labarin gida.

Labari ya kai fada. Ba a daɗe ba Sarki Tambai ya iso ƙofa da kansa, da yayarsa Magajiya, da Kaura Dandare cikin jar alkyabba, mahaya a bayansa. Aka shimfiɗa wa sarki buzu a cikin soron ƙofa. Anaruwa bai tsaya ba, sai ma ya ƙara murya:

Dawaki sun haye, an fasa goruna,
Dakaru na kira daga wancan gaɓa.
Wa ya fasa? Ku tambayi mai jar alkyabba,
Ruwan gulbi ya gani, ni ma na gani.

Sarki ya ce, "Kaura, me kake ji?"

Dandare ya durƙusa. "Zaki, ban ji kome ba. Iskar gulbi ce ke wasa da kunnen mata. Wanda aka rera ba shi da murya, wannan dokar kakanninka ce, ba tawa ba. In kuwa akwai wani abu a wajen nan, to Zangarma ce ta ciyar da shi wata bakwai, ta aiko shi ya karya mana zuciya. Dakaruna na Dutsen Shamuwa."

Sarki ya sunkuyar da kai. Ko makaho ya san gaskiya a wannan lokacin, amma sarauta ba da sani kaɗai ake yin ta ba. Ya ce, "In na ce na ji, na rushe abin da aka rera. In na rushe ɗaya yau, duk matar da ta taɓa yin takaba a garin nan tun zamanin kakana za ta koma leƙen hanya. In na ce ban ji ba, ga waɗannan a kan ganuwa."

Magajiya ta ce, "Allah ya taimake ka, waƙar matacce ba ta ɗaura wa kowa takaba, haka ne. Amma ban taɓa jin an hana mai rai maimaita abin da iska ta kawo masa ba. In ya fito daga bakin mai sarautar, ya zauna."

Sarki ya ɗago. "Ina Sarkin Taushi?"

Saura kaɗan Anaruwa ya amsa, har ya buɗe baki. Sai ya ga Kosau ya fito daga cikin taro, da rawanin da shi Anaruwa ya saba naɗawa. Shekara ashirin Kosau na tsaye bayansa yana amshi, ba mugu ba ne, tsoron Kaura ne ya fi ƙarfinsa. Aka ce ya hau kan ƙofa.

Nan Anaruwa ya gane abin da ake nema a wurinsa. Duk sunan da Kosau ya maimaita aka karɓa, ya ƙara tabbatar da cewa bakin Kosau shi ne bakin gari. In kuwa haka ne, waƙar da Kosau ya yi masa wata shida da suka wuce ita ma ta zauna ke nan har abada.

Bizo ya matso jikin bango ya yi ƙasa da murya. "Kai bango, da ni ne da sai in riƙe sauran sunayen. Ba wanda ya san su sai mutum ɗaya. In ya ƙi faɗa, ko shekara ce sai sun nemo masa hanyar shiga gidansa."

Maganar ta shige shi, wallahi ta shige shi. Me zai hana? Shi aka zalunta. Ya ɗaga ido yana bin kan ganuwa, sai ya hango Tarana can ƙarshe kusa da tsani. Ta rame, ta yi furfurar da bai bar ta da ita ba. Ita kaɗai ce ba ta kallon gulbi, ƙafafunsa take kallo. Kusa da ita wata yarinyar mace ce da jariri a kafaɗa, matar Nomau, wadda ya bari da ciki. Wata bakwai tana rufe tuwo tana buɗewa.

Anaruwa ya share fuskarsa da hannun riga, ya koma farko.

"Nomau na Unguwar Majema."

Daga kan ƙofa muryar Kosau ta amsa, "Nomau na Unguwar Majema."

Kukan da ya tashi a lokacin, tsofaffi sun ce har shanun fadama sai da suka ɗaga kai. Haka suka yi ta yi, ɗaya na bayarwa daga waje, ɗaya na amsawa daga sama, suna bayan suna. Kowane suna sai wani gida ya fashe da kuka, mata su sauko su kama hanyar unguwarsu suna rirriƙe da juna. Da aka zo baitin goruna Kosau ya tsaya, ya dubi Kaura, ya dubi sarki, sannan ya rera shi da ƙarfin da bai yi sauran da shi ba. Ɗaya daga cikin mahayan Kaura ya sauko daga doki ya ajiye mashinsa gaban sarki, ya ce, "Zaki, da hannuna na fasa uku." Wani ya bi shi, wani ma ya bi.

Sarki Tambai bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sarkin Dogarai, a tuɓe masa alkyabbar nan. Magajiya, a nemo goro, gobe manzo zai haye gulbi."

La'asar ta yi sanyi kafin a kai suna na ƙarshe. Muryar Anaruwa ta dishe, ƙirjinsa ya zama fayau, ya ji shi sakayau kamar wanda ya sauke dami. Kan ganuwa ya watse. Sarki ya miƙe, ya tsaya a bakin soro yana duban gulbi, ya ce, "Tukurwa ta gode wa iskar yau." Iyakar abin da zai iya ke nan, ya juya ya tafi. Kosau ya sauko yana kuka kamar ƙaramin yaro. 'Yan ƙofa suka fara jan ƙyaure, Bizo na ta jinkirta su da cewa wai akwai dutse a ƙasa.

Anaruwa ya dubi inda Tarana ta tsaya ɗazu, ba kowa. Bai ga laifinta ba. Tana da ɗaki da rumbu da 'yan'uwa a ciki, shi kuwa ba shi da ko inuwar da zai kira tasa. Ya ƙara duban kan durumin nan sau ɗaya, ya saɓa jakar guzurinsa, ya juya.

Bai yi taku goma ba ya ji hayaniya a baya, Bizo na cewa, "Ke Tarana, kin san dai abin da kike yi? In kin taka waje ba komowa!"

"Kauce mini, Sarkin Ƙofa, kai ka ci gaba da hira da bangonka."

Ta ratso ta tsakanin ƙyauren da ya rage kaɗan a rufe, da ƙunshi a ka, tukunyar miya a hannu. Ta zo ta tsaya gabansa, ta dube shi ido cikin ido, ita ce ta farko da ta yi haka tun safe.

"Uban Marka," ta ce, "wata huɗu da kwana goma na yi maka ban tsefe kaina ba. Ka zo ka wuni kana kiran sunan kowa a garin nan, nawa ko sau ɗaya."

Duk maganganun da ya shirya a hanya suka gudu. Ya ce, "Tarana."

"Na'am," ta amsa da ƙarfi, don na kan ƙofa su ji.

Ƙyaure ya rufe a bayansu, aka ji an zura sakata. Ba ta waiwaya ba. Ta miƙa masa tukunyar, ta gyara ƙunshinta, ta ce, "Riƙe da kyau, da sauran zafi. To, ina muka nufa?"

Bai sani ba. Sai ta wuce gaba, ya bi ta.